Kwalbar da Yaya Haladu Bai Samu Ba

Shekara arba'in da biyar ke nan da muka kai Yaya Haladu makwancinsa, kuma har yau in magariba ta kawo jiki hancina yakan riga ƙafata shiga gida. Jikokina sun san halin. Da sun ji sallamata sai su fara ƙunshe dariya, wai ga Baba Tela ya zo sansanar tukunyar gas. Ba na yi musu faɗa, domin ni ma na yi wa mai halin dariya a zamaninsa. Gado ne na ɗauko daga wana, shi kuwa ba da shi aka haife shi ba. Rana guda ya same shi, ina tsaye kusa da shi.

Uwarmu ɗaya ubanmu ɗaya, daga ƙasar Sakkwato. Shi ya fara sauka Ankara, kamar yadda muke kiran Accra a lokacin, tun ƙasar nan ba ta karɓi 'yanci ba. Ya yi dako a unguwar Tudu har wuyansa ya yi kanta, sannan ya samu aikin gungura ganguna a wani filin jirgi. Da ya ɗan zauna da gindinsa sai ya aika na biyo shi, ya kama mini ɗaki a gidan da yake haya a unguwar Nima, ya haɗa ni da wani tela a Adabraka na koyi ɗinki. Lokacin da abin da zan faɗa ya faru, na riga na yi aure, ina da keken ɗinki na kaina a ƙofar gida, shi kuma ya zama mai kula da rumbun mai na filin.

Ba babban filin da kuka sani ba ne. Wani ƙarami ne a bayan gari, a hannun hukumar gari, inda ƙananan jirage ke sauka, masu feshin gonaki da masu kai ma'aunan ƙasa da na 'yan koyon tuƙi. Rumbun ba wani abin a zo a gani ba ne, rumfar kwano ce da ganguna a kwance bisa katako. Mai iri biyu yake tsaro. Ɗaya fetur ne mai ƙarfi wanda aka rina shi kore don kada a ruɗe, shi jirage masu farfela ke sha. Ɗayan fari ne, ɗan'uwan kananzir, na jirage masu saukar ungulu da wasu sababbi da suka fara zuwa daga baya.

Babban abokin gabarsa a wannan aiki ruwa ne. Ganga in ta daɗe a ajiye tana yin zufa ta ciki, ruwan ya gangara ya kwanta a ƙasan mai. Yakan ce mota in ta sha ruwa sai ta tsaya a gefen hanya, jirgi kuwa ba shi da gefen hanya. Don haka kowace safiya, kafin a ba kowa ko ɗigo, sai ya tsiyayo na ƙasa a kwalba ya ɗaga ya duba a haske. Abin da aka tsiyaya ba ya komawa ciki. Akwai ganguna biyu a bayan rumfar don shi, ɗaya ta koren, ɗaya ta farin.

Rigimarsa da manajan filin a kan farashi ba ta ƙarewa, kuma ni da nake sauraron ƙorafin kowane dare a kan tuwo ban taɓa iya raba musu gardama ba. Manaja ya ce ƙaramin fili kaɗan-kaɗan yake saye, da tsada yake samu, ga kuɗin mota, in ya rage farashi hukuma za ta ce ya yi asara. Yaya ya ce in aka ɗaga, matuƙa sai su cika tankinsu a babban fili su zo nan su sha ruwan sanyi kawai, mai ya zauna, in ya zauna kuma ya tara ruwa. Kowa da gaskiyarsa. A shekarar da nake magana an ɗaga farashin daf da faɗuwar damina, ciniki ya tsaya cak, ganguna suka yi ta zufa. Yaya ya yi ta tsiyaya, har gangar farin ta cika yadda ba ta taɓa cika ba.

Wannan farin da aka tsiyaya, in ya kwanta aka tace shi da ƙyalle, kananzir ne mai kyau a fitila. Da sanin manaja ma'aikata ke ɗauka bi da bi. Ku da kuka tashi da lantarki, ko da wanda ake ɗaukewa ne ana kawowa, ba za ku gane darajar kwalbar kananzir a Nima ta wancan lokaci ba. Da ita yaro ke karanta allonsa, da ita mai koko ke tashi dama gasara. In layi ya zo kan Yaya, matarsa Hajara ba ta sayar da ko cokali. Ranar Juma'a da hantsi take ɗura shi a kwalabe ta bi tsofaffi da zawarawa da makarantun allo, sadaka. Ana yi musu addu'a har su gaji da amin.

Akwai kuma wani abu da ya fi kananzir daraja, wato gangar da babu komai a ciki. Famfo ya yi mana nisa, layinsa kuwa sai mai haƙuri. Matar da ke da ganga a ƙofar ɗakinta, ta tari ruwan sama ko ta tara na saye, ita ce mai arziki a gidan. Akwai wani lebura a filin, Seidu, mutumin arewacin ƙasar nan, sabon ango, mai ladabi da tsimi. Yaya ya yi masa alkawarin gangar koren in ta ƙare. Ranar da Yaya ya bi mota ɗauko sabon kaya, Seidu ya leƙa ya ga saura kaɗan a gindinta. Wanda ya taso a gidan da ake lashe cokalin mai ba zai zubar da mai a ƙasa ba. Sai ya juye ragowar a gangar farin, ya ɗora tasa a ka ya kai wa amarya. Koren ya narke a cikin farin bai bar launi ba. Yaya kuwa mura ta toshe masa hanci a makon, ya ɗebo rabonsa ya kawo gida bai ji komai ba.

Mun fito daga sallar Juma'a muna neman takalma sai ga Seidu yana washe baki.

"Masa, na gode paa," ya ce wa Yaya da Hausar Ankara, wato maigida na gode ƙwarai. "Matana ya yi murna da ganga."

Yaya ya tambaye shi wace ganga, ai ba ta ƙare ba. Seidu ya ce ai bai ɓata komai ba, ya zuba sauran a ɗaya gangar. Na ga takalmin da ke hannun Yaya ya faɗi. Bai zagi Seidu ba, bai ma sake kallonsa ba. Ya juyo gare ni ya ce, "Lawali, Hajara ta fita rabo da safe?" Na ce ta fita, har matata ta samu. Ya ɗaga kai ya dubi rana, ni ma na duba ban san abin da muke dubawa ba.

A hanya yana sauri ina binsa ya yi mini bayani. Kananzir zalla in ka jefa masa ashana ma sai ya yi nawa kafin ya kama. Amma in fetur ya shiga cikinsa, tururinsa ke taruwa a cikin fitila, ana kai wuta bakin lagwani sai ta tashi da mai kunnawa. Ɗakunan Nima kuwa katako ne da kwano, bango ɗaya ya raba ka da maƙwabci, lungu ba ya wuce mutum biyu. Ba gida ɗaya yake tsoro ba. Muna da daga lokacin zuwa kiran magariba, sa'ad da kowace tsohuwa za ta jawo fitilarta.

Sai dai abin da za mu yi abu ne da ba a yi. A zango ba a karɓe kyauta, balle sadaka. Tun muna yara ake faɗa mana mai yin haka kamar wanda ya koma wa amansa ne. Hajara da ta ji, ta zauna a bakin murhu ta rufe fuska da mayafi, ta ce da wane ido za ta shiga ɗakin tsohuwar da ta gama sa mata albarka ɗazu ta ce ba ni abina. Yaya ya ce da idon da za ta kalli gawarta gobe in ba ta shiga ba. Ban taɓa jin ya yi mata magana mai kaushi haka ba. Ta tashi ta ɗauki kwando.

An ce zumunta a ƙafa take, to ranar mun yi zumunci na dole. Hajara na gaba tana tuna ƙofofin da ta shiga, mu muna biye. Gidajen farko ba mu sha wuya ba. Daga nan labari ya riga mu, kuma ya canza kaya a hanya: wai an kama Haladu da satar man gwamnati, 'yan sanda na tafe, duk wanda aka samu da kwalba zai kwana a caji ofis. Sai aka fara ɓoyewa. Matar da Hajara ta miƙa wa kwalba hannu da hannu ta dube mu ta ce ita rabonta da kananzir tun watan jiya. Wasu kuma ba ƙarya suka yi ba, sun riga sun raba nasu biyu sun aika wa 'yar'uwa a unguwar Maamobi, ita ma ta ɗiba wa maƙwabciya. Alheri ya yi ta haihuwa, mu muna bin 'ya'yansa, inuwa kuma tana ƙara tsawo.

Da aka idar da la'asar Yaya ya roƙi liman kada jama'a su watse. Ya fita fili ya zuba kaɗan daga man da muka karɓo a gwangwanin madara, ya sa kowa ya ja baya, ya cilla ashana daga nesa. Wutar ta yi tsalle ta tari ashanar tun ba ta sauka ba. Liman ya ce kowa ya tafi gidansa ya faɗa wa iyalinsa, yau ba a kunna fitila da kananzir ɗin Hajara, kuma wanda ya mayar bai yi abin kunya ba. Daga nan kwalabe suka fara zuwa da ƙafarsu. Ni aka ba keke na yi Maamobi, ina shiga gidajen da ban san kowa ba ina tambayar mata abin da ke cikin fitilarsu. Wata ta bi ni da muciya, kuma ban ga laifinta ba.

Kafin ladan ya hau, Hajara ta duba kwando ta ce kowa ya mayar, saura Mma Adisa. Tsohuwa ce mai sayar da dokunu, tuwon masara mai tsami da ake naɗewa a ganye, a bakin babbar kwata, ba ta da ɗa ba ta da jika a garin, kuma duk Nima babu mai yawan azuminta. Muka same ta a ƙofar ɗakinta tana jan carbi. Yaya ya durƙusa har ƙasa ya yi mata bayani tun daga farko. Ta saurare shi har ya gama.

"Ya tafi," ta ce. "Sadaka in ya fita hannu, ba a tambayan inda ya je."

Ya roƙe ta ta faɗi wanda ta ba, ya ce ba zai ambaci sunanta ba. Ya ce zai saya mata galan guda na kanti. Ya haɗa ta da Allah. Ta ce shi ma ta haɗa shi da Allah ya tashi ya tafi masallaci, ga kira can an fara. Na leƙa ɗakinta, fitilarta a bushe take, a duhu ta yi niyyar kwana. Muka fahimci ta ba wani wanda ba ta son a tona masa asirin talauci. Muka tsaya a bakin kwata muna kallon tagogi suna haske ɗaya bayan ɗaya, kowace ta haska sai na ji Yaya ya ja numfashi. Babu abin da ya tashi a ranar.

Da ma kwalbar ta tashi a wani kango ta ci katako ta huta, da ya fi masa sauƙi. Rashin tashinta ne ya cinye shi. A lissafinsa kwalbar tana nan a wani ɗaki, a bayan tukunya ko ƙarƙashin gado, ana tsiminta don ranar da kananzir zai yanke. Washegari ya je ya faɗa wa manaja komai da bakinsa, ya kuma nemi a hana fitar da tsiyayen mai gaba ɗaya. Aka hana. Ganga ma in ta ƙare sai ya huda gindinta da ƙusa kafin ta bar filin. Abokan aikinsa suka daina cin abinci da shi. A unguwa waɗanda suka saba samu suka ce ya yi kuɗi ya koyi rowa. Rigimar farashi kuwa ta ƙara zafi, domin yanzu duk gangar da ta kwana biyu ba a taɓa ta ba sai ya hana kansa barci.

Sannan ya fara yawon magariba. Ya dawo aiki, ya yi alwala, ya bi lunguna a hankali kamar mai neman akuyar da ta ɓata. In ya ga mace ta fito da fitila sai ya yi sallama ya ce a ba shi ya gyara lagwani, ya kai hanci. Yara suka sa masa suna Malam Sansana. Ni kaina na sha tsokanarsa, na ce Yaya wanda maciji ya sara in ya ga tsumma sai ya gudu, amma kai har zare kake gudu. Yakan yi murmushi ya ce ni dai in ci gaba da ɗinkina. In aka yi ihun gobara ko a ina ne, shi ne na farko a wurin, kuma ba guga yake fara nema ba, tambaya yake me ya tayar da ita. Akwai lokacin da wata yarinya ta ƙone a hannu a Maamobi, bai sa komai a bakinsa ba sai da uwar ta rantse masa garwashi ne. Duk sallah yakan kai wa Mma Adisa goro ya sake tambaya, ita kuma ta karɓi goron ta sa masa albarka.

Nakan zauna yanzu in ce da zai dawo ya ga Nima ta yau, anya zai kai magariba da hankalinsa. Tukunyar gas a ɗakin da ake kwana, yara na wasa a kanta. Gidan sayar da fetur, bango ɗaya da masu suyar kifi. In an ɗauke wuta, kowane shago da janareta da jarkar fetur a ƙarƙashin tebur, mai shagon na tsaye a kai da sigari. In farashi zai tashi, mutane su saya su ɓoye a gida, abin da shi yake ganin kamar ka ajiye kura a ɗaki don nama zai yi tsada. Mukan ce in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta ka shafa wa naka ruwa, amma mu sai mu je kallo mu dawo mu ci gaba da yadda muke. Ina jin da ya gani ba zai yi wa kowa wa'azi ba, hanyar yawonsa kawai za ta ƙara tsawo. Ni ne nake jin tsoron a madadinsa, kuma ƙafata ba ta kai tasa ba.

Bai yi tsawon rai ba. Ba a daɗe da sauya kuɗi daga fam zuwa sidi ba ciwon ƙirji ya kwantar da shi. Ranar da zai cika, da la'asar, ya sa na matso. Na zaci zai yi mini wasiyyar yara ne. Ya ce, "Lawali, kwalbar nan. Ka riƙa dubawa." Na ce to. Ban taɓa jin nauyin kalma kamar wannan to ɗin ba.

Ranar addu'ar bakwai, bayan an watse, Mma Adisa ta shigo tana dogara sanda, da wani abu a naɗe cikin tsumma duk jar ƙasa. Ta zauna gaban Hajara ta kwance. Kwalba ce, an toshe bakinta da totuwar masara an liƙe da kyandir, man ya ragu ya yi duhu. A bayan ɗakinta ta binne ta tun ranar.

"Ni ba kurma ba ne, na ji abin da ya faɗa," ta ce. "Ban kunna ba, ban ba kowa ba. Amma mutum kirki kaman Haladu, ya bayar duka, ya karɓe duka? Na ce a bar mishi ɗaya, ya je ya tarar. Yanzu ya isa, ba mai ƙwace mishi. Ku zubar."

Hajara ta fashe da kuka. Ni kuwa fushi ne ya taso mini, na buɗe baki in faɗa wa tsohuwar nan abin da ta yi wa wana, shekarun da ya yi bai ci tuwon dare da daɗi ba. Sai na ga fuskarta. Murna take, ta yi wa mutumin da take ƙauna hidimar da ta fi ƙarfin kowa. Na rufe bakina. Har yau ban san ko na yafe mata ba, kuma ban san ko akwai abin yafewa ba.

Filin ya daɗe da rufewa, gidaje sun cinye wurin. Waɗanda suka ce masa marowaci sun bi shi, Seidu ma ya rasu da jikoki. Babu titi da sunan Yaya, babu hotonsa sai ɗaya da ya dushe. Abin da ya rage shi ne lungunan da ba su ƙone ba a wata Juma'a, kuma ba a yi wa mutum godiya a kan gobarar da ba ta tashi ba. Tsofaffin da suka kwana lafiya a ranar sun mutu a kan tabarmarsu, jikokinsu na nan suna hayaniya a bakin kwata ba su taɓa jin sunansa ba. In akwai abin da ya je ya tarar, ina kyautata zaton ya fi kwalba ɗaya.

Washegarin addu'ar na kai kwalbar bayan gari na juye ta a rami na rufe. Daga nan na wuce maƙabarta, na tsuguna wajen kansa. Malamai sun yi saɓani a kan ko mamaci na ji, ni tela ne, ban shiga wannan ba. Na dai faɗa masa, kuma duk shekara in wannan wata ya kama nakan sa a kai ni in sake faɗa, ko da bai ji na bara ba.

"Yaya, an samu. Ba ta ci kowa ba. Ka kwanta."